An ba ni ɗaki a ƙauyen da aka taɓa rabawa da katanga, in karɓa?

Ɗan Rano:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen manya, musamman waɗanda suka san arewacin Bavariya. Ina koyon aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a garin Hof da ke Jamus. Inda nake zaune ɗakin haɗaka ne, kicin ɗaya bayi ɗaya, ga shi ina shirin nema wa iyali biza. Wata abokiyar aikinmu ta ce gwaggonta tana da saman bene ba kowa, ɗaki biyu da kicin da bayi, a wani ƙauye wai shi Mödlareuth. Kuɗin hayar ya yi ƙasa sosai da na cikin gari. Sharaɗin tsohuwar biyu ne: in riƙa kwashe mata ƙanƙara a ƙofar gida lokacin hunturu, sannan ran Lahadin da ba ni da aiki in kai ta coci a motarta in ɗauko ta, don idonta ya yi rauni ta daina tuƙi.

Abu uku ne suka tsaya min a rai. Da na duba taswira sai na ga ƙauye ɗaya da lambar gidan waya biyu, 95183 da 07926, na rasa gane kansa. Na biyu, ni Musulmi, kai mutum coci kowane mako bai kwanta min ba. Na uku, kun dai san labaran da ake ji kan baƙar fata a ƙauyukan Jamus. Ku taimaka min don Allah.

Malam Baffa, Nürnberg:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba kuskuren taswira ba ne. Ƙauyen da aka yi maka tayi, duk da mutanensa ba su wuce hamsin ba, sananne ne a duk Jamus. Sojojin Amurka ne suka laƙaba masa "Ƙaramar Barlin".

Wani ɗan rafi ne ya ratsa tsakiyarsa, sunansa Tannbach, yaro ma zai tsallake shi. Tun ƙarni na 16 rafin ke zama iyaka tsakanin ƙasar sarakunan Bayreuth da ta sarakunan Reuss. A 1810 ɓangaren Bayreuth ya koma ƙarƙashin masarautar Bavariya, aka kafa duwatsun iyaka, gefe ɗaya an sassaƙa KB, wato masarautar Bavariya, ɗaya gefen FR, wato sarautar Reuss. Amma a lokacin iyakar ba ta dami kowa ba. Makaranta da gidan shan giyar ƙauyen suna gefen Reuss, wanda yanzu jihar Turingiya ce, coci kuma kowa na tafiya Töpen da ke gefen Bavariya. Suna auratayya, ana binne su wuri ɗaya.

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, Bavariya ta faɗa hannun Amurka, Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Soviet, sai tsohuwar iyakar rafin ta zama iyakar duniya biyu. A 1952 Jamus ta Gabas ta kafa shingen katako da ya fi tsayin mutum, aka kuma kwashe wasu iyalai daga bakin iyaka da ƙarfin tsiya. A 1966 aka zuba katangar kankare, tsawonta mita 700, tsayinta ya haura mita 3, da hasumiyar gadi da fitilu kwana kunne. Mutumin Gabas ko hannu ba a yarda ya ɗaga wa ɗan'uwansa na ƙetare ba. Yaran Yamma suka rasa makarantarsu, mutanen Gabas suka rasa cocinsu da kaburburan iyayensu. Mutum ɗaya aka sani ya haura katangar ya tsira, a 1973, da tsani. George Bush babba ya zo ya gane wa idonsa a 1983 yana mataimakin shugaban Amurka. Ko da katangar Barlin ta faɗi, sai da suka ƙara wata guda cur, ran 9 ga Disamba 1989 aka fasa musu ƙofa, sannan ran 17 ga Yuni 1990 aka sa katafila ta rushe mafi yawanta. An bar wani yanki, yanzu gidan tarihi ne.

Idan tsohuwar nan haifaffiyar wurin ce, to duk wannan a gaban idonta aka yi. Kada ka yi mata gaggawar tambaya. In ta saba da kai ita za ta fara.

Na Ƙonni:
Ikon Allah. Mu mutanen Ƙonni da Illela mun ɗanɗana ɗan kaɗan daga wannan lokacin da aka rufe boda a 2019 da kuma 2023, suna a gidan ƙanwarka kana hango rufin gidan amma sai ka bi ta daji. Mu dai akwai hanyar daji. Su kuwa shekara kusan arba'in!

Injiniya, Erfurt:
Malam Baffa ya ba ka tarihi, ni bari in ba ka na takarda, don rafin nan har gobe yana aiki. Kafin ka ce uffan, tambayi gidan a wane gefe yake.

In gefen Bavariya ne, kana ƙarƙashin Töpen, gundumar Hof, lambar mota HO. In gefen Turingiya ne, kana ƙarƙashin garin Gefell, gundumar Saale-Orla, lambar mota SOK, kuma ofishin baƙi da zai riƙe fayil ɗinka yana Schleiz. Ko a gefen Bavariyar ma fayil ɗinka zai tashi daga ofishin birnin Hof ya koma na gunduma, don hukuma biyu ne daban. Mai neman bizar iyali ya kamata ya san wannan, saboda ƙaurar fayil na cin lokaci. Abin da zai taimake ka shi ne faɗin gidan, domin suna duba wajen murabba'in mita 12 ga kowane babba. Ka karɓi takardar shaidar mai gida, Wohnungsgeberbestätigung, ka yi Anmeldung, wato rajistar sabon adireshinka a hukuma, cikin mako biyu da tarewa.

Hutu ma ba ɗaya ba ne. Ran 31 ga Oktoba gefen Turingiya na hutun tunawa da gyaran addini na Luther, gefen Bavariya na aiki. Washegari 1 ga Nuwamba a juya. Kai dai hutun inda kake aiki ne naka.

Sai babbar magana wadda ba ka ma kawo ta ba: lasisin tuƙi. Na Najeriya wata shida kawai yake yi maka bayan ka zauna a ƙasar. Daga nan sai ka ci jarrabawarsu, ta rubutu da ta tuƙi. In ka tuƙa tsohuwa babu shi, laifi ne na kotu, kuma zai iya taɓa takardar zamanka. Inshorar motarta ma dole a sa ka cikin waɗanda aka yarda su tuƙa.

Abu Maryam:
Ni fa duk wannan bai dame ni ba kamar batun cocin. Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Saboda rangwamen haya za ka zama direban kai mutum wurin bautar da ba ka yarda da ita ba? Wanda ya bar abu don Allah, Allah zai musanya masa. Ka nemi wani gidan.

Maman Sadiq, Plauen:
Abu Maryam, a yi a hankali. Yaron nan aikin jinya yake koyo. Mu da muke cikinsa mun san ran da fasto ya zo gidan tsofaffi, mu ne muke tura kekunansu zuwa ɗakin addu'a mu dawo da su. Ban ce halal ban ce haram ba, ba fagena ba ne. Ya samu malamin da ya san zaman Turai ya zayyana masa yadda abin yake, ya bi abin da aka ce masa. Hukuncin ba a nan cikinmu za a yanke shi ba.

Ni tausayin amaryar nake ji. Ƙanena, ka taɓa kwana a irin ƙauyen nan a watan Disamba? Yankin tudu ne, mita ɗari biyar da wani abu sama da teku, daji da gonaki, sanyinsa har su Jamusawan suna yi wa Hof laƙabi da Saiberiyar Bavariya. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi. Babu kanti a ƙauyen, babu likita, motar haya jefi-jefi, ran Asabar da Lahadi kuwa sai addu'a. Kai kana da aikin safe da ake farawa ƙarfe shida, wace bas ce za ta kai ka? Ka fita ka bar yarinyar mutane, ba ta jin Jamusanci, ba maƙwabciyar da za ta leƙa su yi hira, sai ta zauna tana kallon baƙi masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton katanga ta taga. Makarantar koyon harshe tana Hof, masallacin Turkawa yana Hof, naman halal yana Hof. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma ga marar mota nisa ce.

Ka kuma tambaya kuɗin da aka faɗa maka da ɗumama gida ne ko babu. Tsofaffin gidajen ƙauye da mai suke ɗumi, lissafin ƙarshen shekara na iya cinye rangwamen duka.

Anti Rifkatu, Bayreuth:
Salama gare ku. Ni 'yar Numan ce, a cocin Lutheran na tashi, don haka bari in faɗa wa ƙanena abin da zai tarar, ya yi hukunci da sani.

Na farko, Mödlareuth ba ta da coci ko ɗaya, ba za ka ji ƙararrawa a kanka ba. Cocin tsohuwar St. Martin ne a Töpen, tafiyar 'yan mintuna a mota. Mutane da yawa na zaton duk Bavariya 'yan Katolika ne. Kudu ne haka. Wannan kusurwar ta bi koyarwar Luther tun wajajen 1528 zuwa 1529, domin sarkinsu ya bi, kuma yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta tabbatar cewa addinin sarki shi ne na talakawansa. Shi ya sa za ka ga ƙauye kaza Furotesta ne, ka yi gaba kaɗan ka shiga na Katolika, duk aikin tsofaffin iyakoki ne. Cocin ƙauyukan nan ƙanana ne, da benen katako zagaye da bango a ciki, a yawancinsu mumbarin wa'azi na saman bagadi, don a wurinsu wa'azi ne kan gaba.

Ran da na fara shiga irinsu na yi mamaki. A gida sujada sai ta ɗauki rabin yini, ga ganga ga zumuntar mata. A nan awa guda an tashi, kujeru fiye da rabi ba kowa, masu furfura ne suka fi yawa. Fasto ɗaya na iya riƙe ƙauyuka da dama, saboda haka ba lallai kowace Lahadi a yi a wuri ɗaya ko lokaci ɗaya ba, ka nemi jadawalin. Yanzu 'yan manyan cocin biyu ba su kai rabin mutanen Jamus ba. A ƙetaren rafin abin ya fi haka, shekara arba'in na mulkin gurguzu sun sa yawancinsu ba sa bin kowane addini. Da na gaya wa wani fasto cewa Archbishop ɗinmu Musa Panti Filibus ne ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023, ya sani sarai, amma tsofaffin da ke wurin baki suka buɗe.

Ba wanda zai ce ka shiga, ba wanda zai yi maka wa'azi. Su addini abin cikin gida ne, tambayar mutum ma kunya suke ji. Abin da tsohuwar ke so, in na fahimci irinsu, rabinsa sujada ne, rabinsa ta ga ƙawayenta ta kuma zuba wa furannin kabarin mijinta ruwa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, gaya mata gaskiya tun yanzu. Sau da yawa 'yan coci na da mai ɗauko tsofaffi, kai sai ka ɗauki cefane da kai ta asibiti a madadin haka.

Wajen Anmeldung za a tambaye ka addini. Ku ba a cire muku harajin coci. Mu ne ake cire wa, kashi 8 cikin ɗari na harajin albashi a Bavariya, kashi 9 a Turingiya.

Sarkin Yawo:
Kowa ya kauce wa tambaya ta uku. A zaɓen jihar Turingiya na Satumbar 2024 jam'iyyar AfD, mai adawa da shigowar baƙi, ce ta zo ta ɗaya da kusan kashi 33 cikin ɗari, kuma a karkara ta fi ƙarfi. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ƙauyen nan ya saba ganin baƙi daga ko'ina saboda gidan tarihin, ba kamar wani lungun da ba a taɓa ganin irinmu ba. Ran 3 ga Oktoba, ranar haɗewar Jamus, 'yan siyasa kan yi taruka a can, ranar ka kama kanka. Sauran kwanaki abin da zai haɗa ka faɗa da su shi ne shara da ba ka ware ba, ko ƙarar inji ran Lahadi. Ka riƙa gaisuwa. A gefen Bavariya "Grüß Gott", ka tsallaka rafi ka ce "Guten Tag".

Ɗan Rano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je na ga gidan jiya, a gefen Bavariya yake. Tsohuwar ta dafa min kofi, ta ajiye kek ta ce ba mai alade a ciki, wai 'yar ɗan'uwanta ta riga ta ja mata kunne. Na kawo shawarar Anti Rifkatu, ta ce akwai maƙwabcin da kan kai ta wani lokaci, asibiti da cefane ne suka fi damunta. Kuɗin ɗumama gida ba ya cikin hayar, Maman Sadiq kin yi gaskiya. Batun cocin zan kai wa limaminmu ran Juma'a duk da haka.

Lasisi ne ba ni da shi, na gida ya daɗe da wuce wata shidansa. Na roƙe ta ta riƙe min ɗakin zuwa bazara, ta ce za ta yi shawara da 'ya'yanta. Injiniya, jarrabawar rubutun dole da Jamusanci ake yi?

Injiniya, Erfurt:
A'a, akwai Turanci, akwai Faransanci, har Larabci. Ta tuƙin ce mai jarrabawa zai yi maka magana da Jamusanci. Ka yi rajista tun yanzu, layin na da tsawo, kuma ka roƙi malamin tuƙin ya fita da kai hanyar Töpen ran da ƙanƙara ta zuba.