Yaƙin Checheniya: na addini ne ko na ɓallewa?

Malam Habu: Ni dai ina nan a kan bakana. Rasha ta far wa Checheniya ne saboda Musulmi ne, ba wani dalili.

Hajiya Binta: Malam, to Tatarstan, wani yanki na Rasha, fa? Su ma Musulmi ne, amma a 1994 suka zauna da Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, aka raba iko, ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Abin da ya tsone wa Mosko ido shi ne shelar ɓallewa da Dudayev, jagoran Checheniya, ya yi a 1991. Shi kuwa janar ne na sojan saman Sobiyet, ba malamin zaure ba. Ga kuma bututun mai daga Baku ta Azarbaijan da ya ratsa Checheniya.

Malam Habu: Hajiya, ai gabar ta girmi Dudayev. Imam Shamil, jagoran Musulmin yankin, ya yi ta fafatawa da sarakunan Rasha har 1859.

Ɗanlami: Baba Habu, a gafarce ni in sa baki. Tabon da ya fi ci wa 'yan Checheniya rai na 1944 ne. Ran 23 ga Fabrairu Stalin, shugaban Sobiyet, ya sa aka loda kusan mutum rabin miliyan, Chechen da Ingush, a taragon dabbobi zuwa Kazakistan da maƙwabtanta, cikin tsananin sanyi. Sai 1957 aka bar su komawa gida. Dudayev kansa a can ya tashi.

Malam Habu: To, ba zalunci ba ne wannan?

Hajiya Binta: Wa ya ce ba zalunci ba ne? Amma da aka yi wa Grozni, babban birnin Checheniya, ruwan bama-bamai a ƙarshen 1994, cikin waɗanda suka mutu a ƙarƙashin benaye har da tsofaffin Rashawa masu yawa, don ba su da dangi a ƙauye da za su gudu wurinsu. Fararen hula dubun dubata suka halaka a yaƙe-yaƙen biyu, na 1994 da wanda ya ɓarke a 1999.

Ɗanlami: Addini ya shigo da ƙarfi ne daga baya, zamanin su Khattab da Basayev, kwamandojin mayaƙa da suka kutsa Dagestan mai maƙwabtaka a 1999. Muftin Checheniya, Ahmad Kadyrov, ɗan Ƙadiriyya, shi ya kira jihadi a yaƙin farko, sai ga shi ya koma wajen Putin a na biyu.

Malam Habu: Sayar da kai ya yi.

Hajiya Binta: Wasu 'yan ƙasarsa haka suka ce. Amma Malam, garin Beslan na kudancin Rasha fa? A 2004 mutanen Basayev suka mamaye makaranta ranar komawa karatu, mutum sama da 330 suka rasu, 186 yara ne. Da wace aya za a kare wannan?

Malam Habu: Wannan kam ban kare shi ba, Allah Ya kiyaye. Amma sai an faɗa min dalilin da ya sa Mosko ta bar Jojiya da Ukraine suka tafi, ta hana Checheniya.

Ɗanlami: Su cikakkun jamhuriyoyin Sobiyet ne, Baba. Checheniya kuwa cikin Rasha kanta take, Yeltsin na tsoron in ta fita, wasu su bi sahu.