Zan je Italiya a tsakiyar hunturu, ku ba ni shawara kan hanya da abinci

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. In Allah ya yarda ranar 20 ga Disamba zan tashi daga Abuja zuwa Milan, daga nan in hau jirgin ƙasa zuwa Bologna wajen 'yata da ke karatu a can. Mako uku zan yi. Tun da ta fara turo min hotunan abincinsu nake gwadawa a kicin ɗina a Kano, miyar tumatir ɗinsu ma na iya ta, amma burina in ci na asali a hannun masu shi. Sanyin ne nake tsoro, ban taɓa taka Turai ba. Waɗanda suka san ƙasar, me zan kiyaye?

Baban Sadiq, Brescia: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo ki lafiya. Na daɗe a arewacin ƙasar nan, kuma abin da ya fi dame mu da hunturu ba dusar ƙanƙara ba ce, hazo ne. Milan da Brescia da Bologna duk suna cikin kwarin kogin Po, iska ba ta motsi sosai, sai hazo ya kwanta. Ba irin namu na gida mai ƙura ba ne, wannan mai laima ne, yana ratsa kaya har ƙashi. Bara cikin Janairu na je ɗauko ƙanena a filin jirgin Malpensa, ina zaune aka ce an karkatar da jirginsu zuwa Genova saboda ba a ganin titin sauka. Sai wajen ƙarfe 3 na dare aka kawo su a bas. Ya sauko da shadda da 'yar rigar sanyi mara kauri, leɓensa har ya tsage, babbar rigar tana cikin akwatin da aka auna, akwatin kuma bai iso ba sai bayan kwana biyu. Don Allah rigar sanyi, safa, safar hannu da magungunanki su kasance a jakar hannu. Kada ki sayi tikitin jirgin ƙasa mai ƙayyadadden lokaci dab da saukarki, ki bar aƙalla awa huɗu a tsakani.

Ɗan Zinder, Torino: Gaskiya ne. Ga hanyar, Hajiya: daga Malpensa akwai jirgin Malpensa Express, ki tabbata wanda ke zuwa babbar tashar Milano Centrale kika hau, don wani a tashar Cadorna yake tsayawa. Ba ya kai awa ɗaya. Daga Centrale zuwa Bologna awa ɗaya da 'yan mintoci ne a jirage masu gudu, Frecciarossa ko Italo. In kuma ƙaramin jirgi kika hau, wanda suke kira regionale, da tikitin takarda, sai kin buga masa hatimi a ɗan injin da ke bakin dandamali kafin ki shiga, in ba haka ba tara ce ko da kin biya kuɗinki. Ki riƙe kalmar sciopero, wato yajin aiki. A kwanakin Kirsimeti da sabuwar shekara doka ta hana ma'aikatan jirgi yin sa, amma ranar komawarki cikin Janairu ki sa Ilham ta duba. Ko ana yajin, a ranakun aiki ƙananan jirage suna tafiya daga 6 zuwa 9 na safe, da 6 zuwa 9 na dare.

Baban Sadiq, Brescia: Na manta. In aka soke jirginki na komawa daga Milan, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta wa kamfanin ya ba ki abinci da masauki ko da yanayi ne sanadi. Diyyar kuɗi ce kawai ba a biya in hazo ne. Ki ajiye duk rasit.

Abba Kurna: Ni fa kan abinci shawarata gajeriya ce. Ki nemi shagon kebab na Turkawa ko 'yan Pakistan, akwai su a ko'ina, halal ne, hankalinki kwance.

Maman Ilham: Abba, na gode, amma ba zan keta sahara da teku don in ci shawarma ba. Muna da ita a Zoo Road.

Anti Rabi, Modena: Hajiya kin yi daidai. Ni 'yar zongon Kumasi ce, aure ya kawo ni nan, tsakanina da Bologna rabin awa ne a jirgi. Sai dai tsoron Abba yana da tushe, don yankinmu na Emilia-Romagna shi ne cibiyar naman alade a ƙasar. Mortadella ta Bologna alade ce. Tortellini, 'yan ƙananan nan da ake zubawa a romo da Kirsimeti, cikinsu alade ne. Miyar ragù da ake ɗora wa tagliatelle da lasagne akwai alade, galibi da giya. Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne strutto, kitsen alade, ana kwaɓa shi cikin piadina da tigelle da wasu burodin. Shekarata ta farko na yi wata da watanni ina sayen burodi a shagon layinmu, sai ranar da mai shagon, wata dattijuwa, ta dubi mayafina ta riƙe hannuna ta ce wannan ba naki ba ne, ta nuna min wanda aka yi da man zaitun. Na yi kuka a hanya. Har yau wajenta nake saye. Ki haddace uku: senza maiale, ban da alade, senza vino, ban da giya, c'è strutto?, akwai kitsen alade? Ba sa jin haushin tambaya, mutanen nan suna son a yi musu zancen abin da ke cikin tukunyarsu.

Abin da za ki ci kuwa yana da yawa. Tortelloni, manyan, masu cukuin ricotta da ganye, a ce a yi miki su da man shanu da ganyen salvia. Akwai masu kabewa a ciki, na Ferrara da Mantova, abincin sanyi ne sosai, kawai ki ce ban da ragù. Sai polenta, wadda tuwon masara ce tsaf, ranar da na fara ganinta sai da na tuna gida. Ki ci ta da naman kaza, wato lemar kwaɗi irin ta ci, ko da cukui.

Malama Hauwa, Roma: Anti Rabi ta gama magana kan arewa. In za ku sauko Roma, awa biyu da kaɗan ne daga Bologna. Taliyar carbonara da ta amatriciana duk da guanciale ake yi, kumatun alade, ki bar su. Ki nemi cacio e pepe, taliya da cukuin madarar tumaki da masoro, ba komai bayan wannan, kuma ni a wajena babu kamarta. Tiramisù, kayan zakinsu, ki tambaya, wasu suna zuba giya. In zuwanku ya dace da Juma'a ku je babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995, ana hawa jirgi daga Piazzale Flaminio a sauka Campi Sportivi. Kasuwar Esquilino kusa da tashar Termini akwai mahauta Musulmi, har doya da kuɓewa. Lahadin farko na kowane wata kuma gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne, har da Kolosiyam, sai dai layi.

Ɗan Zinder, Torino: Ki lura da lokaci. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa. Gidajen abinci na gaske suna rufe kicin wajen 2:30 na rana, sai 7:30 na dare. In kin ga coperto a takardar kuɗi ba cuta ba ce, kuɗin zama ne. Ranakun 25 da 26 ga Disamba, 1 da 6 ga Janairu hutu ne, ku yi cefane tun da wuri.

Malama Hauwa, Roma: Kuma Bologna ta dace da mai tsoron ruwan sama. Gefen titunanta rumfunan gini ne masu ginshiƙai, portici, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2021. Za ki zaga tsakiyar gari ba laima. A kusurwoyi akwai masu gasa caldarroste a kasko mai huji, 'ya'yan itace ne masu ɓawo, ɗanɗanonsu kamar dankalin Hausa gasasshe. Ki saya a ƙunshin takarda, ki ɗumama hannu kafin ki ci.

Maman Ilham: Allah ya saka muku da alheri, na kwafe kalmomin Anti Rabi a takarda. Tambaya ta ƙarshe: na sa an yi wa Ilham kilishi da man shanu, zan iya shiga da su?

Baban Sadiq, Brescia: A'a Hajiya. Nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai an hana matafiyi shiga da su, in aka gani a kwastan ƙwacewa ake yi, ana iya cin tara.

Anti Rabi, Modena: Ki bar kilishin wa mutanen gida. Ranar 27 ku hau regionale ke da Ilham ku zo Modena. Akwai mahaucinmu ɗan Maroko, zan sayi naman sa a wajensa in yi miki ragù ba giya ba alade, taliyar kuma ke za ki murza ta da hannunki, maƙwabciyata za ta nuna miki yadda suke yi da muciyarsu doguwa.