Injin ya cinye masa yatsu, sun ce wai shi ɗan kwangila ne

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne ke aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano, shekararsa ta uku ke nan. Makon jiya belin injin ya fizgi hannunsa, yatsu biyu suka tafi. Manaja ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, amma da muka tayar da maganar diyya sai ya ce ai yaron ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangila ne, tunda ba shi da takardar ɗaukar aiki, kuma a kan buhu ake biyansa duk Asabar. To shi ke nan ba shi da haƙƙi?

Tsohon akawu: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Malam, sunan da manaja ya laƙaba masa ba shi ne hukunci ba, kotu yadda aikin ke gudana take dubawa. Kotun Ƙoli ta jero ma'aunan bambance ma'aikaci da ɗan kwangila a shari'ar Shena Security da Afropak a 2008. Ka zauna da yaron ka tambaye shi: wa ke sa masa lokacin shiga da na tashi? Injin na waye? Ran da ya tashi ba lafiya, yana iya turo abokinsa ya tsaya masa ba da izinin kowa ba? Ɗan kwangila na gaskiya shi ne mai waldan da za a kira gyaran ƙofa, ya zo da kayan aikinsa, a yi ciniki, ya gama ya kama gabansa. Biyan nan na buhu dai manaja zai riƙe shi gam, amma ma'auni ɗaya ba ya yanke magana.

Wata 'yar uwa: Ƙari a kan bayanin Baba: dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da masu aikin wucin gadi da 'yan koyo. Hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, ita ce ke biya, daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da kamfani ke zubawa daga aljihunsa. Ku dai yi sauri. Kwana 14 aka ba ma'aikaci ya sanar da kamfani, kamfani kuma kwana 7 ya kai wa hukuma rahoto, neman diyyar kuma cikin shekara guda ne. A rubuce, ku ajiye kwafi.

Wani dattijo: Ni a ganina ku nemi manya su shiga tsakani a sasanta. Shari'a da mai kuɗi sai dogon numfashi.

Tsohon akawu: Alhaji, sulhu alheri ne, amma kada yaron ya sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta. Rashin takardar aiki ma laifin kamfani ne, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci ita cikin wata 3. Ku tattara alat na banki, da katin shaida in akwai, da rahoton likita, da abokan aikin da suka ga abin. In sun ƙi, akwai Kotun Ma'aikata a Kano.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kati yana da shi, kuma kullum ƙarfe 7 yake sa hannu a rajistar bakin get, in ya makara a yanke masa kuɗi. Gobe in sha Allahu zan kai musu takardar.