Tabon da ke kan ganyen mangwaro: abin da muka tattara a zaman Zango

Bayan la'asar a Zangon Kumasi, wani dattijo mai gona wajen Ejisu, wani gari kusa da Kumasi, ya kawo ganyen mangwaro, duk ɗigo-ɗigo fari-fari mai ratsin kore, ya ce ko feshi zai yi. Da aka kai ganyen kusa da ido, sai ga baƙaƙen ɗigo ƙanana kamar kan allura a tsakiyar kowane tabo.

Wata 'yar'uwa da ke karatun tsirrai a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta ce: "Baba, a dakata da feshin." Ta bayyana cewa wannan tabon abin da ake kira laikin ne, wato fumfuna da gansakuka da suka haɗu suka zama abu guda. Irin wannan sunansa Strigula, daga dangin Strigulaceae. Gansakukar da yake zama da ita ana kiranta Cephaleuros, kuma suna shiga ƙarƙashin siririyar fatar ganye, shi ya sa farce ba ya kankare shi. Yana son inuwa da laima da tsofaffin ganyaye, ana samunsa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, daga dazukanmu irin su Bobiri har Asiya da Kudancin Amurka.

Abin da na fi riƙewa shi ne bambancin launi. In tabon ya yi ja-ja kamar tsatsa, da laushi kamar karammiski, gansakukar ce ita kaɗai, kuma ita tana iya wahalar da bishiya mai rauni. Wannan a kai wa malamin gona ya duba.

Sauran shawarar gajeriya ce: a rage rassan da suka cunkushe, iska da rana su ratsa, a kuma kula da taki.