Kilomita 300 a taswira, awa shida a tikiti: wa ya taɓa irin wannan tafiya?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan tashi daga wani ƙaramin filin jirgi zuwa wani ƙarami. Intanet ta ce tazararsu kilomita 300 ce, amma tikitin ya nuna awa shida. Don Allah wanda ya sani ya fitar da ni daga duhu.

Yawon duniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Duba tikitin da kyau, za ka ga akwai yada zango. Ƙananan filaye ba kasafai jirgi ke haɗa su kai tsaye ba, don fasinjojin ba sa cika jirgi. Sai a kwashe ka zuwa babban filin birni, ka zauna jira, sannan wani jirgin ya dawo da kai kusa da inda ka baro. Ni haka ta faru da ni, ina leƙe ta taga ina ganin garin da zan je muna wuce shi.

Tsohon ma'aikacin fili: Bari in ƙara. Lambar da intanet ke bayarwa miƙaƙƙen layi ce a bisa doron ƙasa, daga fili zuwa fili. Jirgi kuwa yana bin hanyoyin da aka shata masa a sama, yana kauce wa hadari, wani lokaci ya kewaye fili kafin ya sauka saboda alƙiblar iska. Sannan matuƙa da mil na teku suke lissafi, wanda ya kai kilomita 1.852, don haka ka tabbatar da wane awo aka ba ka. Lokacin da ke kan tikiti ma yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda ya tsaya, ba daga sanda ya bar ƙasa ba. Irin ATR 72 mai farfela, da ke gudun kusan kilomita 500 a awa, zai yi maka kilomita 300 ƙasa da awa ɗaya in kai tsaye ne.

Hajiya mai fatauci: Ni abin da ya ba ni mamaki a ƙaramin jirgi, irin Cessna Caravan, shi ne da aka ce in hau sikeli da jakata a hannu. Na ɗan ji nauyi, sai ma'aikaciyar ta ce kowa ma haka ake masa, don da nauyinmu matuƙi ke raba kujeru. Ya zaunar da wani mai jiki a gaba, ni a baya. Kuma ku sani, wasu ƙananan filayen ba su da fitilun titin jirgi, in jinkiri ya kai ku magariba sai gobe.

Ɗan taga: Ku kuna maganar kilomita 300! A tsibiran Orkney na Sikotilan akwai jirgin Loganair tsakanin Westray da Papa Westray, kilomita 2.7 kacal, bai fi minti biyu ba a sama. Can dai teku ce ta raba su.

Mai tambaya: Na duba, Yaya, gaskiyarka ne, akwai jiran awa uku a tsakiya. Hajiya, jirgin safe zan nema. Shin kayana za su wuce da kansu, ko sai na karɓa na sake miƙawa?

Yawon duniya: In tikiti ɗaya ne yawanci suna wucewa, amma ka tambaya a wurin awon kaya, ka kuma karanta haruffa ukun da aka liƙa wa jakar, su ne alamar filin da za a sauke ta.