Neman shawara: aikin koyar da Turanci da ɗakin haya a Santambul

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala digiri na biyu a nan Santambul, ƙarshen wata kuma zan bar ɗakin kwanan ɗalibai. Turanci na karanta a digirin farko, na ɗan koyar a sakandare a Kano kafin in taho. Wata cibiyar koyar da harsuna ta ce za ta ɗauke ni, biya a hannu duk ƙarshen mako, amma batun izinin aiki wai sai nan gaba. An kuma nuna mini ɗaki mai araha a gundumar Esenyurt. Ikamet ɗina, wato takardar izinin zama, na ɗalibta ya kusa ƙarewa. In karɓa ko in dakata?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da takarda, ɗaki da aiki duk a kanta suke ratayewa. Dokar baƙi ta Turkiyya mai lamba 6458 ta ba wanda ya gama jami'a a ƙasar damar neman ikamet na ɗan lokaci, in ya nema cikin wata 6 da kammalawa. Shekara ɗaya ce, sau ɗaya kuma ake bayarwa. Amma zama kawai ya halatta miki, ba aiki ba. Izinin aiki kuwa ba ke za ki nema ba, mai ɗaukar ki ne zai shigar da buƙata a Ma'aikatar Ƙwadago, kuma idan ya fito shi ne zai zama takardar zamanki. Koyarwa tana da ƙarin ƙa'ida: sai Ma'aikatar Ilimi ta amince tukuna, kuma za a nemi denklik, wato shaidar YÖK, hukumar kula da jami'o'in Turkiyya, cewa digirinki na gida ya yi daidai da nasu. Wannan yakan ɗau lokaci, ki fara shi tun yanzu. Cibiyar da ta ce sai nan gaba, gaban nan ba ya zuwa. Ranar da masu bincike suka shigo, su tara za su biya, ke kuma bayan tara ana iya mayar da ke gida a hana ki dawowa.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:
'Yata, kada ki ba da ko lira ɗaya a ɗakin Esenyurt ɗin nan sai kin bincika. Tun 2021 aka rufe Esenyurt da Fatih ga sababbin masu neman ikamet, a 2022 aka ƙara da su Avcılar, Bağcılar da Zeytinburnu. Jerin yana sauyawa, don haka ki tambayi Göç İdaresi, wato hukumar kula da baƙi, kan unguwar kafin ki sa hannu. Arahar da ba za a yi miki rajistar adireshi da ita ba, ai ba araha ba ce. Sunanki ya fito a yarjejeniyar haya, a kai ta wurin noter, wato ofishin tabbatar da takardu. Doka ta hana mai gida karɓar ajiya fiye da hayar wata 3, dillali kuma hayar wata ɗaya yake ci. Ki tambayi kuɗin aidat, wato kuɗin kula da gini na wata-wata, tun da wuri, ki kuma tuna da kuɗin gas lokacin sanyi, nan ne sababbin zuwa ke kuka. In kin ga gida a shafin talla na Sahibinden, ki sa ƙawarki Baturkiya ta buga waya, don wasu da sun ji baƙo ne sai su ce an riga an kama.

Ɗan Zazzau:
Yaya, abin da manya ba su faɗa ba shi ne fasfo. Makarantu da yawa masu fasfon Amurka, Ingila ko Kanada suke so, ko da kin fi su sanin nahawu. Abin da ke ɗan buɗe mana ƙofa shi ne CELTA ta Cambridge, kwas ɗin koyar da Turanci na kusan wata ɗaya in kullum ake zuwa, akwai kuma cibiyoyinsa a nan Santambul. Tsada ce da shi, gaskiya. Kuma ki fi mai da hankali kan makarantun kuɗi na yara, su suka fi yi wa malami takarda, ba ƙananan cibiyoyi ba. Na san da yawa masu aikin hannu da hannu, har yau ba abin da ya same su.

Baban Sadiya:
Waɗanda abin ya sama ba sa nan balle su ba ka labari, Ɗan Zazzau.

Ummu Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Zan koma cibiyar in ce su shigar da takardar kafin in fara. Hajiya, in akwai wata 'yar'uwa mai neman abokiyar zama kusa da layin bas na Metrobüs, don Allah ki haɗa mu kafin ƙarshen wata.