NULGE (ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi) ko MHWUN (ƙungiyar ma'aikatan lafiya), wace ce tamu?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka mana da shawara. Mu masu shara ne a asibitin wata ƙaramar hukuma. Tun Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma har yau ko kwabo bai ƙaru mana ba. Duk wata kuma takardar albashi na nuna an cire kuɗin ƙungiya, ba tare da an rubuta sunanta ba, ma'aji kuwa sai ya ce mu dawo gobe.

Tunda ƙaramar hukuma ce ta ɗauke mu amma a asibiti muke aiki, wace ƙungiya ce ke wakiltarmu, NULGE ko MHWUN? In ba wadda ta karɓi kokenmu, za mu iya zuwa Kotun Ma'aikata da kanmu?